Na ji ƙullutu a nonona amma ba ya ciwo, in je asibiti ko in ƙara jira?

Maman Ilham
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawararku nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Sati biyar ke nan, ina cikin wanka na ji wani ɗan ƙullutu a nonona na hagu, can sama wajen da ya yi kusa da hammata. Girmansa bai wuce kan babban yatsa ba, yana da tauri, kuma ko na danna shi ba ya yi mini ciwo ko kaɗan. Na ce bari al'ada ta zo ta wuce, wataƙila ya bi ta. Ta zo ta wuce, yana nan daram. Shekarata 41, 'ya'yana huɗu, autata na yaye ta shekara biyu da suka wuce. A danginmu ban taɓa jin wadda ta yi kansar mama ba. Na faɗa wa yayata, ta ce tunda ba ya ciwo in rabu da shi, ta kuma ja mini kunne kada in kuskura in bari a soka masa allura, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi sai ya bazu. Ko maigida ban faɗa wa ba. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Yaya zan yi?

Ummu Sadiq
Wa alaikumus salam. Allah ya sa ba komai ba ne. Ni ma na taɓa jin irinsa ina budurwa, aka duba aka ce ba kansa ba ne. Kada ki ɗaga hankalinki.

Sista Rabi
Maman Ilham, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba zan ɓoye miki ba: ki je asibiti cikin satin nan, kada ki ƙara masa ko kwana bakwai. Rashin ciwon da yayarki ta dogara da shi, shi ne ya fi damuna. Yawancin kansar mama a farkonta ba ta ciwo. Da tana ciwo tun farko ai da mata da yawa sun tsira, don ciwo ke kai mutum asibiti. Ita kuwa shiru take yi, tana girma, mace na harkokinta.

Amma ki ji ɗaya ɓangaren don hankalinki ya ɗan kwanta. Cikin ƙullutu goma da ake dubawa, wajen takwas ba kansa ba ne. Akwai wani curi mai santsi da ke zillewa a ƙarƙashin yatsa, ya fi yawa ga 'yan mata, ina jin irinsa Ummu Sadiq ta yi. Akwai kuma 'yar jakar ruwa da kan taru a cikin nono. Matsalar ita ce hannu kaɗai ba ya bambance su da tabbas, ko hannun likita ne. Shi ya sa ake bin abu uku: likita ya duba da hannu, a yi hoto, sannan in hoton ya nuna abin shakka a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji.

Maman Ilham
Na gode Sista. To wane hoto ne za a yi? Ina jin ana cewa na'urar matse nono take yi har mace ta yi kuka.

Sista Rabi
Wannan mamogiram ake ce masa. Ana ɗora nonon tsakanin faranti biyu a matse shi na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗauka ta sama a ɗauka ta gefe. Akwai rashin daɗi, wasu kan ji zafi kaɗan, amma kafin ki ce wayyo an saki. A shekarunki wataƙila a haɗa miki da sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, a shafa miki ruwa mai yauƙi a bi da na'ura. Ga mata 'yan ƙasa da 35 sikanin aka fi farawa da shi, domin nononsu a cike yake, mamogiram ba ya gani sosai. In kunya ce ke damunki, ki nemi mace ta duba ki, haƙƙinki ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abu Hanif
Ku gafarce ni in sa baki a maganar mata. Ni dai ba zan ce yayarta ba ta da gaskiya ba, don da idona na gani. Mahaifiyata ta yi fiye da shekara biyu da abin a jikinta, tana tafiyarta, tana aikinta. Ranar da aka yi mata aiki aka cire nonon, daga nan ba ta ƙara lafiya ba. Wata bakwai ciwon ya koma bayanta da ƙirjinta, ta rasu. Har gobe ina jin da ba mu sa hannu a takardar nan ba da ta ƙara kwana. Ni na sa hannun.

Ummu Sadiq
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Dakta Maryam
Malam Abu Hanif, Allah ya gafarta wa mahaifiyarmu. Na karanta maganarka sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda ka ce kai ka sa hannun. Ina so ka sauke wannan nauyin, don sa hannunka ba shi ya kai ciwon bayanta ba.

Ga yadda abin yake. Kansar mama tana farawa ne daga ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a cikin hanyoyin da ruwan nono ke bi, ko a inda ake samar da shi. Sai wasu su fara hayayyafa ba tsayawa. Muddin suna nan a wuri ɗaya, in an cire su an gama da mafi yawan matsalar. Amma in aka ba su lokaci, sukan ɓalle su bi hanyar kaluluwa zuwa hammata, ko su bi jini su sauka a ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Kuma sukan sauka can tun suna ƙanana ƙwarai, yadda babu hoton da zai gan su. Shekara biyun da Mama ta yi da shi, a cikinsu ne ya yi wannan tafiyar. Ciwon bayan da ya fito bayan aiki, irinsa ya riga ya faɗi a ƙashi kafin wuƙa ta taɓa ta.

Abin da ya sa wannan magana ta "ba ya son ƙarfe" ta yi ƙarfi a bakin mutane shi ne, mafi yawan waɗanda aka sani an yi wa aiki sun zo ne a makare. Sai jama'a su ga an yi aiki, an yi rashi, su haɗa biyun. Daga nan na baya su ƙara jin tsoro, su ƙara makara, a sake yin rashi. Haka abin ke ta juyawa. Waɗanda aka yi wa aiki da wuri suka warke kuwa ba a cika saninsu ba, don ba sa faɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wannan cuta suna raye shekara biyar bayan an gano ta. A Indiya kashi 66 ne, a Afirka ta Kudu kashi 40. A duk wuraren nan wuƙa ɗaya ce ake amfani da ita. Bambancin yana ga lokacin da mace ta iso, da ko ta samu ta kammala magani.

Abu Hanif
Dakta, ban taɓa jin wanda ya yi mini bayanin haka ba. Ita kanta ba ta faɗa mana ba sai da wurin ya fashe ya fara wari, ƙanwata ce ta gani tana wanke mata kaya. Na gode. Maman Ilham, ki bi maganarsu, ki manta da tawa.

Anti Binta
Ƙanwata Maman Ilham, ni ce wadda Dakta ke cewa ba sa faɗa, yau zan faɗa saboda ke. Shekara bakwai ke nan da aka cire mini nonon dama. Lokacin da na fara jin nawa bai kai naki ba ma. Wata takwas na yi ina ɓoyo. Kullum in na shiga wanka sai in kauce wa wurin da soso, kamar in ban taɓa shi ba babu shi. Ranar da na yanke shawarar zuwa, na tsaya gaban madubi ne na ɗaga hannu zan ɗaure kaina, sai na ga fatar wurin ta loɓa ciki kamar an ja ta da zare daga baya. A lokacin ya riga ya kai hammata. Da na je a watan farko wataƙila da nonona yana nan.

Allurar ɗiban naman da ake tsorata ki da ita, an yi mini. Za a fara kashe wurin da wata ƙaramar allura, ita kaɗai ce za ki ji. Sai a sa ta biyun, za ki ji ƙara "ƙas" kamar an harba wani abu, sau uku ko huɗu, ki shirya wa ƙarar don kada ki zabura. Abin da aka ciro na gan shi a cikin 'yar kwalba, kamar guntayen farin zare. Aka manna mini filasta na koma gida da ƙafata. Jiran sakamakon ya fi allurar wuya nesa ba kusa ba.

Kuma ki faɗa wa maigidanki yau. Kada ki ɗauki wannan kayan ke kaɗai.

Fati Z.
Ni abin da ban gane ba, ta ce babu mai shi a danginsu, ta haihu huɗu, ta shayar. Ba cewa ake yi shayarwa na hana shi ba? Kuma ba gado ake yi ba?

Dakta Maryam
Fati, shayarwa tana rage haɗari, amma ba ta kulle ƙofa. Wani babban nazari da aka wallafa a 2002, wanda ya tattara bayanan mata daga ƙasashe 30, ya nuna duk wata 12 na shayarwa na rage haɗarin da kashi 4.3 cikin 100, kowace haihuwa kuma da kusan kashi 7. Ragi ne mai amfani, amma kin ga ai ba kariya ce cikakkiya ba.

Gado kuwa, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na masu cutar suka gaje ta. Waɗanda aka fi sani cikin ƙwayoyin gadon su ne BRCA1 da BRCA2, an gano su a 1994 da 1995. Macen da ta gaji wadda ta samu tangarɗa a cikinsu haɗarinta na iya haura rabi a tsawon rayuwarta, ga kuma haɗarin kansar ƙwan mace. Abin da mutane kan manta shi ne ana gadonta ta wajen uba kamar yadda ake yi ta wajen uwa, don haka tarihin gwaggo yana da nauyi daidai da na inna. In a gidanku akwai biyu ko uku da suka yi, ko wadda ta yi tana ƙasa da 50, ko namiji da ya yi, ki faɗa wa likita.

Amma kusan rabin masu kansar mama ba su da wani dalili da za a nuna in ban da cewa mata ne kuma shekaru sun fara ja. A 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da ita a duniya, 670,000 suka rasu. Sauran abubuwan da ke ƙara haɗari: fara al'ada kafin shekara 12, ɗaukewarta bayan 55, haihuwar fari bayan 30 ko rashin haihuwa, ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, rashin motsa jiki, shan giya, da daɗewa ana shan maganin sinadaran mata bayan al'ada ta ɗauke. In kin lura, da yawansu suna komawa ga abu ɗaya, wato tsawon shekarun da nono ya yi yana samun estirojin, sinadarin mata da jiki ke samarwa.

Fati Z.
Namiji kuma? Maza na yi?

Dakta Maryam
Suna yi, sai dai da wuya, bai fi ɗaya cikin 100 na masu cutar ba. Su ma sukan makara don ba sa kawo ta a ransu.

Amaryar Bana
Dakta ƙwayar tazarar haihuwa fa? Kuma an ce sa waya a cikin rigar mama ko kwana da rigar na kawo shi, har da turaren hammata.

Dakta Maryam
Rigar mama, waya da turaren hammata, babu hujjar da ta tabbatar da ko ɗaya. Ƙwayar tazara tana ƙara haɗari ɗan kaɗan lokacin da ake shan ta, ya kuma koma daidai cikin kimanin shekara goma da dainawa. A ɗaya hannun tana rage haɗarin kansar ƙwan mace da ta mahaifa. Kada ki daina don kin karanta a intanet, ki zauna da likitarki ku auna.

Hajiya Babba
'Ya'yana duk na ji bayananku. Amma kada ku manta akwai magungunan itatuwa da Allah ya sa wa albarka. Na san wadda ta yi ta shafa wani haɗi, ƙullutun ya narke, ba wuƙa ba allura. Asibiti da an je sai yanka. Ai ta fara gwada wannan na wata biyu ko uku, in bai yi ba sai ta je.

Sista Rabi
Hajiya, da girmanku, amma a nan ba zan bi ku ba. Wadda kuka sani ɗin, an ɗebi naman an gwada an ce kansa ce kafin ya narke? In ba a gwada ba, ba mu san abin da ya narke ba. Jakar ruwa kan tafi da kanta, kumburin da al'ada ke kawowa ma haka. Wata ukun da kuke cewa a gwada, su ne watannin da muke kuka a kansu. Na sha wanke ƙirjin matan da aka shafa wa abu mai zafi har fata ta ɗaye, suka zo da ciwo biyu, ga gyambo ga kansa. Wasu sai an jira gyambon ya lafa kafin a iya fara magani.

Dakta Maryam
Hajiya, maganarku cewa akwai magani a itatuwa gaskiya ce, har ma fiye da yadda ake zato. Ɗaya daga cikin manyan magungunan kemo (magunguna masu ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin kansa) da muke ba masu kansar mama, paclitaxel, daga ɓawon wata bishiya ta Amurka aka fara samo shi. Sai dai an tace shi, an san adadin da ke kashe cuta da wanda ke kashe mutum, an gwada shi a kan dubban marasa lafiya. Abin da nake roƙo shi ne a fara sanin sunan ciwon tukuna. Gwaji ba yanka ba ne, kuma babu wanda zai yi wa mace aiki ba da yardarta ba.

Hajiya Babba
To, Allah ya sa mu dace. Ni dai tsoron yankan nan ne. Ki je a duba 'yata, Allah ya sa a ji alheri.

Zainab Malama
Ni duk wata nake duba kaina, kwana kaɗan bayan al'ada ta ɗauke, haka aka koya mana. Ina ganin da kowace mace na yin haka da an rage mutuwar nan.

Dakta Maryam
Malama Zainab, ki ci gaba, amma akwai abin da ya kamata a sani. An yi wani gwaji a birnin Shanghai na China da mata fiye da 260,000, aka koya wa rabinsu duba kai daki-daki, aka bi su shekara goma. Mutuwa ba ta ragu ba a cikin waɗanda aka koya wa, sai dai an fi ɗibar musu nama a kan abin da ba kansa ba. A birnin Mumbai na Indiya kuma aka horar da ma'aikatan lafiya mata su riƙa duba mata da hannu duk shekara biyu. Sakamakon da aka fitar a 2021, bayan shekara 20, ya nuna an fi kama cutar da wuri, kuma mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 ga 'yan shekara 50 zuwa sama.

Zainab Malama
Ke nan ɓata lokacina nake yi? Gaskiya ban yarda ba Dakta. Maman Ilham da Anti Binta ai duk da hannunsu suka gano. Inda babu mamogiram kusa, hannun ne kawai mace take da shi.

Dakta Maryam
Kin yi gaskiya, kuma ba cewa nake a daina ba. Abin da nake tsoro biyu ne: mace ta duba ba ta ji komai ba ta ɗauka ta tsira har ta ƙi zuwa gwaji in shekarunta sun kai, ko ta ji abu ta zauna da shi. Dubi Anti Binta, hannunta ya yi aikinsa tun watan farko, ƙafarta ce ta yi wata takwas ba ta taka ba. Ki san yadda nononki yake a kullum, in ya canza ki tafi. Kuma ba ƙullutu kaɗai ake nema ba. Kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini ko ruwa na fita daga kan nono ɗaya ba tare da an matsa ba, fata ta loɓa ko ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, ƙaiƙayi da ɓamɓarewa a kan nono da ya ƙi jin magani, kaluluwa a hammata da ba ta tafiya. Masu shayarwa kuma, in nono ya kumbura ya yi ja aka ba ki maganin ƙwayoyin cuta sati ɗaya zuwa biyu bai sauka ba, ki koma, akwai wata irin kansa da ke zuwa da kamar wannan.

Mamogiram na tantancewa ga wadda ba ta jin komai ya danganta da ƙasa. A Amurka shawarar 2024 ita ce duk shekara biyu daga 40 zuwa 74. A Ingila ana gayyatar mata duk shekara uku daga 50 zuwa 71.

Zainab Malama
Yanzu na fahimta. Amma zan ci gaba da koya wa ɗalibaina, sai in ƙara musu da cewa ji ba tare da zuwa ba bai da amfani.

Maman Ilham
Assalamu alaikum. Yau kwana 19 da na yi tambayar nan, na ga wasunku na ta nemana, na gode. A daren na faɗa wa maigida, shi ya kai ni washegari. An yi mamogiram da sikanin, aka ɗebi nama, ƙarar nan da Anti Binta ta faɗa na ji ta, ban zabura ba. Shekaranjiya sakamako ya fito. Kansa ce. Sun ce santimita 2.4, mataki na biyu, a hoto ba su ga komai a hammata ba amma sai an yi aiki za a tabbatar. A takardar an rubuta ER da alamar ƙari, HER2 da alamar ragi. Likitan ya yi bayani amma wallahi tunda ya furta kalmar ban ƙara jin komai ba. Na yi kuka har na gaji. Dakta, cire mini nonon za a yi? Gashina zai zube?

Ummu Sadiq
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ki yafe mini da na ce miki kada ki damu. Allah ya ba ki lafiya, muna tare da ke.

Dakta Maryam
Maman Ilham, sannu. Kukan ba laifi ba ne. Likitocin da ke riƙe da takardunki su ne za su yanke shawara tare da ke, ni bayani kawai zan yi don ki koma da tambayoyi a hannu.

Mataki na biyu ana maganinsa ne da niyyar warkewa. Matakan huɗu ne, na huɗu shi ne wanda ya kai wasu sassan jiki, ke kina nesa da can. ER da alamar ƙari na nufin ƙwayoyin ciwon da estirojin suke girma, kuma mafi yawan kansar mama irin wannan ce, wajen kashi 70 cikin 100. Labari ne mai daɗi a cikin marar daɗi, don akwai ƙwayar da ke toshe musu wannan hanya, tamoxifen, ana sha ɗaya kullum shekara biyar zuwa goma. HER2 wani sinadari ne da ke sa ƙwayoyin ciwon saurin girma in ya yi yawa, alamar raginsa na nufin ba kya buƙatar trastuzumab, maganin da aka fara amfani da shi a 1998 ga masu wancan nau'in. Akwai nau'i na uku da ba ya amsa ko ɗaya cikin waɗannan, ya fi yawa ga mata baƙar fata da masu ƙarancin shekaru, shi kemo ne babban makaminsa. Naki ba shi ba ne.

Maganar cirewa: kusan shekara ɗari ana cire nono duka har da naman ƙirji, bisa hanyar wani likitan Amurka, William Halsted. Sai Umberto Veronesi a Italiya a 1981 da Bernard Fisher a Amurka a 1985 suka nuna cewa ga ƙaramin ciwo, cire ƙullutun da ɗan naman da ke kewaye da shi, sannan a bi da gashin na'ura, wato a gasa wurin da haske mai ƙarfi da ke kashe ragowar ƙwayoyin ciwon, yana ba da tsawon rai daidai da cire nonon duka. Sharaɗin shi ne gashin na'urar dole ne, yawanci kwana biyar a sati na 'yan makonni. In babu tabbacin za ki same shi a kan lokaci, ko ciwon ya fi wuri ɗaya, cirewa duka ta fi aminci. Ki tambaye su: za a iya bar mini nonon? Za a fara gwada kaluluwar farko ta hammata ne ko duka za a kwashe? Ina buƙatar kemo, kuma kafin aiki ko bayansa? Ba kowa ake yi wa kemo ba. Ki tafi da wani ya riƙa rubuta amsoshin.

Anti Binta
Ƙanwata, na yi kuka da na karanta, amma na yi hamdala da kika je. Ni sau takwas aka yi mini kemo, duk sati uku. In an ce za a yi miki, ga abin da na so a ce an faɗa mini. Maganin farkon ruwa ne mai launin ja, fitsarinki zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Gashi yakan fara zuba wajen sati biyu zuwa uku da yin na farko. Ni da safe na tashi na gan shi a kan matashi, sai na kira 'yata ta aske mini duka, ya fi mini sauƙi da in riƙa tsintarsa kullum. Ya dawo bayan an gama, har ya fi na da laushi. Maganin amai ki sha shi yadda aka rubuta tun kafin tashin zuciyar ya zo. Ki ajiye ma'aunin zafin jiki kusa da gado, in ya kai 38 ki tafi asibiti ko tsakar dare ne, don a lokacin garkuwar jikinki a ƙasa take. Wajen zagaye na biyar zuciyarki za ta ce miki ya isa haka, musamman in kin ji ƙullutun ya tafi. Kada ki tsaya. Mun fara tare da wata baiwar Allah da ta tsaya a na huɗu, har yau ina tuna ta.

Maman Ilham
Na rubuta tambayoyin duka a takarda. Ranar Talata za mu koma, yayata ta ce ita za ta raka ni ta yi rubutun, tun jiya take nan gidan. Anti Binta, babbar 'yata shekararta 16, ta ga idona ta fara tambaya. Ke yaya kika faɗa wa naki?

Anti Binta
Na zaunar da su ne na kira ciwon da sunansa, na ce likitoci sun san maganinsa, zan yi rauni na wasu watanni kuma gashina zai zube. Ƙaramin ya tambaya ko ana ɗauka, na ce a'a, ya zo ya kwanta a jikina. Ki faɗa wa babbar tukuna ita kaɗai, ki bar ta ta yi tambayoyinta. Na turo miki saƙo ta akwatinki, ki kira ni in kun fito ranar Talata.